Ciwon Aro na Mai Agogo

"Ja numfashi, Baba. A'a, ta baki, ba ta hanci ba. Yawwa. Sake."

Mai Agogo ya ja, ya sake. Yana zaune a kan bencin shagonsa ya ba ni baya, rigarsa a naɗe har wuya, ni kuma na durƙusa na manna abin sauraren ƙirji a ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Wani siririn sauti na ji, kamar ana murza gashi kusa da kunne. Na cire abin, na goge shi da gefen mayafina, na mayar. Sautin yana nan. Na koma hagu, can ma haka.

"Likitar gobe, kin yi shiru," in ji shi. "Ko kin iske kaza tana kwanci a ciki ne?"

"Baba, ka daina magana, kana cika mini kunne."

Bari in gaya muku abin da ya kai ni ƙwanƙwasa bayan dattijo ɗan shekara saba'in da ɗoriya a shagon gyaran agogo. Ina da shekara talatin da shida da 'ya'ya uku na shiga makarantar koyon aikin jinya. An ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba a ce ba ya jawo dariya ba. A zangon farko aka sa ni in saurari ƙirjin wata 'yar ajinmu, yarinya lafiyayya da ke hawa bene da gudu. Na ɗaga kai da ƙarfin gwiwata na ce na ji wata ƙara a zuciyarta. Malamarmu, wadda muke kira Sake-Daga-Farko saboda kalmar da ta fi yawa a bakinta, ta karɓi abin ta saurara. Ashe robar abin sauraren ce ke gogar hannun rigata. Ta ce, "Ke kunnenki har abin da ba a halitta ba yana ji." Mako guda ana tsokana ta. Tun daga ranar, duk abin da na ji a jikin mutum sai na fara zargin kunnena, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ga kuma jarrabawar aikin hannu tana tafe. Minti goma ake ba ɗaliba ta duba mutum daga kai har ƙafa, kuma komai da layinsa: ki gaishe shi, ki faɗi ko ke wace ce, ki wanke hannu, ki nemi izini, ki tambayi abin da ke damunsa, sannan ki duba da ido, ki taɓa, ki ƙwanƙwasa, ki saurara. Kika tsallake ɗaya, sake daga farko. Na gwada a jikin maigidana, da ya kwanta sai minshari. Na gwada a jikin yara, cakulkuli ya hana.

Mai Agogo katanga ɗaya ta raba mu, shagonsa kuma a ƙofar gidansa yake. Tun da waya ta soma faɗa wa mutane lokaci ciniki ya ja baya, sai ya wuni da gilashinsa na ido ɗaya yana tonon tsofaffin agogunan da masu su suka manta da su. Shi ya ji ina mita ya ce, "Ga ni nan zaman banza nake yi, ki zo ki riƙa koyo a jikina." Bai tsaya nan ba. Ya ce lafiyayye ba ya koya wa nas komai, don haka kullum zai ari littafina ya kwana a wurinsa, ya zaɓi ciwo ɗaya, washegari da la'asar ya yi mini shi, ni kuma in gano. Matarsa, da duk layinmu ke kira Gwaggo, ita ce 'yar rakiyar mara lafiya.

Wallahi mutumin nan da gidan wasan kwaikwayo ya samu da ya ci abinci. Ranar da ya yi ciwon tsakuwar ƙoda, birgima ya yi har ya ture kwalin batir. Ranar ciwon gyambon ciki, ya riƙe ciki yana salati yana barin wasiyya a ba ni sukuddirebansa. Akwai ranar da ya cusa filo a riga ya ce wata bakwai ne, Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. In na gano ciwon sai ya tafa ya ce, "Kin ci." In na kasa ya ce, "Kin kashe ni, Allah ya ji ƙaina, gobe ma rana ce."

To amma ran nan bai yi birgima ba, bai yi salati ba. Da na tambaye shi abin da ke damunsa, a hankali ya ce gajiya ce. Ya ce in ya taka daga ɗaki zuwa shago sai ya tsaya ya huta. In ya kwanta a miƙe numfashi ba ya isarsa, sai ya tara filo uku. Takalminsa kuma ya matse shi.

Na kama wuyan hannunsa. Mu ɗalibai daƙiƙa goma sha biyar muke ƙirga bugun jini mu ninka sau huɗu, amma wannan bugun ya ƙi ƙirguwa. Ya yi sauri, ya tsaya, ya zo biyu a haɗe. Na duba wuyansa, jijiya ta taso tana motsi. Na sauka ƙafa, na danna babban yatsana a ƙaurinsa na ɗaga. Ramin yatsan ya zauna, ya ƙi cikowa. Ni ina kallon ramin, shi yana kallona.

"Zuciya ce ta gaza," na ce. "Ruwa ya taru a huhu da ƙafa."

Ya tafa. "Kin ci! Babi na tara. Gwaggo, yarinyar nan fa ta fara zama mutum."

Gwaggo tana bakin ƙofar da ta haɗa shago da gida, tana tsince wake a faranti. Ta yi murmushi ta ce, "Ai na faɗa maka za ta iya."

"Amma Baba, ƙafar fa?" na ce. "Ya aka yi ka kumbura ta?"

"Ke ma ki zauna a kujera ɗaya shekara hamsin ki ga yadda taki za ta koma. Rubuta makinki ki tashi, yaranki sun dawo."

Littafin yana kan teburinsa, da takardar batir a tsakiya, daidai babi na tara. Na rubuta duk abin da na samu a littafin gwajina kamar yadda aka koya mana, da rana da lokaci, na fita kaina a ɗaure.

Ina tuƙa abinci ina lissafi. Gajiya da filo uku, wannan baki ne, kowa zai iya karantawa ya faɗa. Amma mutum zai iya sa bugun jininsa ya yi tuntuɓe? To ko yatsuna ne suka danne jijiyar da yawa? Sautin huhu kuwa, wa ya sani ko gashin bayansa ne ke gogar abin, tunda na taɓa jin abin da babu? Na gaya wa maigidana. Ya ce, "Tsohon da ya yi miki cikin wata bakwai? Ke dai ba kya raina abin damuwa. In da ba shi da lafiya ai Gwaggo ce za ta fara kururuwa." Na ga maganarsa da hankali. Shekara arba'in da wani abu suna ɗaki ɗaya, kuma na gan ta da idona tana murmushi.

Washegari a makaranta na je har ƙofar ofishin Sake-Daga-Farko da littafin gwajina a hannu. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na ji dariyar 'yan ajinmu daga ciki, ana ba da wani labari. Na hango kaina ina cewa na gano ciwon zuciya a jikin maƙwabcina mai wasan kwaikwayo. Na sauke hannun na wuce ɗakin karatu. Wannan ita ce ragwantakar da har gobe ba na yafe wa kaina.

Da la'asar ya sake yin ciwon jiya. Jibi ma shi.

"Baba, littafin nan babi ashirin da huɗu ne fa," na ce. "Ka maƙale a guda."

"Maimaici shi ne karatu. Shi za a kawo muku a jarrabawa, ki rubuta ki ajiye."

Ramin yatsa ya hau daga ƙauri ya kusa gwiwa. Sautin huhun ya ƙara hawa sama da faɗin yatsu biyu. Na lura ya daina miƙewa ya raka ni ƙofa, kuma in zai yi doguwar magana sai ya yanka ta biyu. Amma tsokana tana nan daram. Da na ƙwanƙwasa bayansa ya ce, "Shigo, ba kowa." Ni kuma na yi dariya, don dariyar ta fi mini sauƙi.

Rana ta biyar Gwaggo ta shiga ciki sauke tukunya, muka rage mu biyu. Na naɗe abin sauraren na ajiye a cinya.

"Baba, don girman Allah. Da gaske ne ko wasa?"

Ya ɗauki hantsakinsa yana juya shi. "Ikon Allah. A jarrabawar ma haka za ki yi? Ki ce wa mara lafiya ya ba ki amsa?"

"Ba jarrabawa nake ba."

"Ke me kika ji?"

"Na ji... ban sani ba. Wataƙila na ji. Wataƙila abin nan ne, mai araha ne."

Ya daɗe yana kallona. Yanzu in na tuna kallon sai in ga kamar jira yake in ƙara wata kalma, amma a lokacin gani na yi kamar dariya yake dannewa. Sai ya ce, "To tunda nas ba ta sani ba, mai gyaran agogo ne zai sani?"

Haushi ya kama ni. Na ce masa ko wasa ko gaske, sai mun je asibiti an duba shi, ni zan raka shi gobe da safe. Ya ce gobe akwai mai zuwa karɓar agogon bango. Na ce jibi. Ya ce, "Jarrabawarki saura kwana nawa?" Na ce shida. Ya ce, "To ki gama. Ranar da kika fito, ki zo da sakamakonki, in sa babbar riga ki kai ni duk inda kike so. Ba zan sa ki wuni a layin asibiti ana gobe-gobe ba."

Gwaggo ta leƙo. "Me kuke ƙus-ƙus?"

"Cewa take wai in ta zama babba ba za ta ƙara gaishe mu ba," in ji shi.

Na yarda da kwana shidan. Ba zan ɓoye ba, har wani sanyi na ji a raina, kamar an ɗauke mini kaya. Na ce wa kaina mai ciwon gaske ba ya cinikin rana.

Ana saura kwana biyu, da hantsi, ina tsakar gida ina haddace layin dubawa, sai na ji Gwaggo tana kirana ta kan katanga. Ba ihu ta yi ba. Cewa ta yi, "Nas, zo ki ga Babanku," kamar yadda take kirana kullum. Har na tsaya neman takalmi, na ɗauko abin saurare da littafin gwaji. A raina na ce yau ya matso da darasin ne.

Yana kan kujerarsa ta aiki, ya dafa teburi da hannu biyu, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Gumi ya jiƙa rigarsa. Leɓɓansa sun yi toka-toka, ga wata kumfa a gefen baki. Daga ƙofa ana jin ƙirjinsa yana kurkura, ba sai an sa komai a kunne ba.

Kun san abin da ya fito daga bakina? "Sannu Baba, ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya, in ka ba ni izini zan..." Bakina ne ya kama layin da kansa. Har na waiga ina neman inda zan wanke hannu.

Ya ɗago ido ya dube ni. Ya ɗan girgiza kai.

A nan ne kaina ya dawo jikina. Na ce wa Gwaggo kar ta bari ya kwanta, ta riƙe shi a zaune. Na fita titi ba mayafi ina dukan ƙofar mai shagon fenti, don shi ke da mota a layin. Mutum uku suka ɗauko shi da kujerar gaba ɗaya. A mota na zauna a bayansa na tallafe shi, yatsuna a wuyan hannunsa, ban ƙirga komai ba. Gwaggo sai cewa take, "Ai jiya ma ya ci abinci. Ya ci sosai."

A sashen gaggawa suka sa masa robar iska a fuska, suka ɗaura ruwa, suka yi allura. Wata nas mai furfura a goshi ta zo da takarda tana tambaya da sauri.

"Tun yaushe ƙafafun suka kumbura?"

Gwaggo ta dube ni.

"Kwana tara da na fara gani," na ce.

"Numfashin fa? Yana iya kwanciya?"

Na miƙa mata littafin gwajina. Ta buɗe tana bin shafukan da yatsa: bugun jini, jijiyar wuya, inda sautin huhu ya kai kowace rana, zurfin ramin yatsa. Ta ɗago.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce. Ɗaliba ce ni."

"Ai kuwa ba abin da kika bari. Ko ni iyakar abin da zan rubuta ke nan." Ta sake duban ranakun, ta dube ni. "To me ya hana ku kawo shi?"

Na buɗe baki. In ce mata me? In ce wasa muke yi? In ce ya taɓa yin cikin wata bakwai? Ba ta jira ba, an kira ta, ta tafi da littafin wurin likita.

Bayan azahar kaɗan ya cika. Gwaggo tana riƙe da ƙafarsa, ni ina tsaye a bayan labule kamar wadda ta zo satar kallo. Robar iskar tana fuskarsa har ƙarshe.

Na shiga jarrabawar, don maigidana ya ce in ban je ba shi zai ɗauke ni ya kai ni. Ban san me na yi a ciki ba. An ce na ci. Sake-Daga-Farko har ta ce hannuna ya nuna, ta tambayi inda na yi gwaji. Na ce a gida.

Kwana takwas ban taka gidan Gwaggo ni kaɗai ba, sai cikin mutane, in gaishe ta daga nesa in sulale. Kunya nake ji da tsoro, ga kuma haushin mamacin, wanda ba shi da kyau amma na ji shi. In gaske yake, me ya hana shi buɗe baki ya ce gaske ne? In kuma so yake ni in faɗa, don me ya tafa? Ko shi ma bai sani ba, ya karanta babin ne ya ga kamar hotonsa, ya kawo mini in raba masa gardama? Duk ta inda na juya zancen sai ya tsaya da ƙafafunsa.

Rana ta tara da safe, yara sun tafi makaranta, sai ga ta ta yi sallama. Daga wanki ta taso, zanenta a jiƙe ta gaba. Na shimfiɗa mata tabarma a baranda, na rasa inda zan sa idona.

"Kin guje ni," ta ce.

"Gwaggo, ni..."

"Wata guda a zaune yake barci. Na ce masa mu je asibiti, ya ce wane asibiti kuma, ga asibiti yana zuwa har shago kullum da la'asar." Ta gyara zama. "Ni kuma na ce tunda kina sa masa abin nan a ƙirji kina rubutawa, in da wani abu ai da kin faɗa. Da na ga kina dariya sai hankalina ya kwanta."

"Ni kuma ke nake kallo, Gwaggo. Na ga kina murmushi."

"To in yi kuka a gabansa?"

Na tambaye ta ko ya taɓa ce mata ya san abin da ke jikinsa. Ta ce shekara arba'in da shida bai taɓa cewa wayyo don kansa ba, ko ranar da ƙarfe ya huda masa tafin hannu cewa ya yi ƙarfen ne ya ji ciwo. Ko ya sani ko bai sani ba, ta ce, ya tafi da abinsa.

Sai ta ce, "Ba wannan ya kawo ni ba. Kwana uku ke nan in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni, ƙirjina yana fat-fat. Ni ban iya wasa ba, kin sani."

"Gwaggo, gara mu je a duba ki. Ni har yanzu ɗaliba ce."

"Za mu je, yau ɗin nan. Amma ki fara dubawa. Abin da hannunki ya ji ki faɗa mini shi yadda yake, ko daidai ne ko ba daidai ba."

Ta miƙo hannu ta ɗora a gwiwata. Fatar ta yi yaushi saboda ruwa, da ɗan kumfar sabulu da bai gama bushewa ba a wuyan hannun. Na share shi da babban yatsana, na ɗora yatsu uku. Sai ta sa ɗaya hannun ta danne su a wurin. Can ƙofar gidanta famfon da ta manta a buɗe yana ta zuba a bokiti, mu biyu muna jin sa, ba wadda ta tashi.